Baƙon da Ya Ƙi Ya Ce Mu Koma

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni aka yi, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A lokacin ina zaune a Jidda, a unguwar Kurayyat, ina aikin tafinta a wani kamfani da ke fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, don Allah Ya ba ni kunnen ɗaukar harshe: Larabci, Faransanci, Turanci, da ɗan Fulatancin da bai wuce gaisuwa da cinikin nono ba. Shekaru sun ja yanzu, a lokacin gemuna bai gama yin fari ba.

Kafin in zo Jidda na kwana a fili a ƙasashe da dama. Na kwana da Buzaye a bayan Agadas, inda shimfiɗarka rairayi, bargonka rawaninka. Na kwana a Faransa a wurin da suka keɓe don masu tanti, inda za ka biya a ba ka lamba, a nuna maka ɗan fili kamar na kushewa a ce nan ne naka, ga famfo, ga banɗaki, ga maƙwabci yana minshari a bayan ƙyalle. Amma ban ga inda kwanan daji ya yi mini daɗi kamar Saudiyya ba. Su kashta suke ce masa. Da sanyi ya shigo, ranar Alhamis da yamma, sai ka ga motoci suna barin gari da tanti a ɗaure a sama, kowa ya sauka daga kwalta ya nausa inda ransa ya so. Ƙasar gwamnati ce, ba shinge, ba mai gadi, ba wanda zai ce maka kawo. Sai dai kuma ba famfo, ba bayan gida, ba fitila, sau da yawa waya ma ba ta kamawa. Abin da ka ɗauko shi ne naka, abin da ka manta kuma ka manta shi ke nan, shararka ma da ita za ka dawo.

To muna da wata maƙwabciya, Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan ce daga wani ƙauye a bakin Nilu. Tsohuwa ce mai baki, ga ban dariya, amma gwiwoyi sun kwantar da ita, a kujera mai taya take wuni. Ɗanta ɗaya, Ɗahir, tankar ruwa yake tuƙawa, ba Juma'a ba Asabar. Wata rana ta ji ni da mai ɗakina, Hajiya, muna lissafin kayan kashta, sai ta ce tun da ta zo garin nan ba ta ga sama ba sai ɗan yankin da ke tsakanin bene da bene, ita ma a tafi da ita ko da a cikin buhun gawayi ne. Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Da Ɗahir ya dawo ya ji, sai ya ce atafau, wa zai kai tsohuwa inda ba asibiti ba waya? Hajiya ta roƙa, tsohuwa ta juya fuska bango ta ƙi cin abincin dare, a ƙarshe dai ya sauko ya same ni a ƙofa, ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, “Ammi Alhaji,” wato baffa da Larabci, “ita kaɗai gare ni a duniya. Yadda ka ɗauke ta, haka nake so ka dawo mini da ita.”

Na ce na ɗauka, Allah Ya shaida. Na faɗa da baki ɗaya, amma tun daga wannan lokaci na ji kamar an ɗora mini tulu a ka.

Na huɗunmu shi ne mai mota, Fu'ad, wanda kowa ke kira Abu Yasir. Haifaffen Jidda ne, jikan mutanenmu da suka zo hajji a ƙafa suka zauna, magana in ya fara ta da Hausa da Larabci yake ƙare ta. Yana da wata tsohuwar jif mai shiga rairayi, kuma a bakinsa ba lungun da bai sani ba a dajin Hijaz. Daga baya na gane yawancin kashtarsa a bakin teku yake yi, kusa da mai sayar da shayi.

Muka ɗora tanti, dardumai, jarkokin ruwa, buhun gawayi don an hana sarar itace, ƙaramin shebur na haƙa ramin biyan buƙata, da labulen da za a kewaye wa Hajja. Muka bi hanyar Usfan, muka sauka daga kwalta, muka yi ta kutsawa har muka faɗa wani kwari mai faɗi, irin wanda suke kira wadi. Kai jama'a! Rairayi fari tas mai laushi kamar an tankaɗe shi, ga itatuwan samur, 'yan'uwan farar ƙayarmu, sun yi layi suna ba da inuwa, hagu da dama kuma tudu ne na baƙaƙen duwatsu. Hajja ta buga jikin mota ta ce a tsaya nan, wannan wuri kamar bakin kogin garinsu ne da rani. Mu kuwa mutanenmu kun sani, in muka ga inuwar itace da ƙasa mai laushi, hankalinmu ya kwanta. Abu Yasir ya ce, “Halas, nan ne ma nake nufin in kawo ku.” Muka kafa tanti a tsakiyar kwarin.

Wannan yamma ban taɓa manta daɗinta ba. Muka sauko da Hajja daga kujera muka zaunar da ita a kan rairayi, ta tura ƙafafunta ciki har idon sawu, tana ɗiba tana zubarwa kamar yarinya. Ta ce mu 'yan Najeriya ba mu iya tsire ba, ta sa aka kawo mata nama da ƙuli-ƙuli da yaji ta haɗa mana irin nasu na Sudan da suke kira agashe, ni ina fifita gawayi tana zagina wai hannuna kamar na mai riƙe biro. Na ce ai shi nake riƙewa. Ta ce ya nuna. Abu Yasir ya yi ta ba mu labarin kuraye da ya ce ya taɓa kora da fitilar mota, Hajiya tana tambayarsa ko kyanwoyin unguwar Bani Malik yake nufi. Bayan isha'i Hajja ta kwanta rigingine ta yi shiru tana kallon taurari, har na tsorata na leƙa fuskarta, sai na ga murmushi take yi hawaye na bin kunnuwanta. Na koma na kwanta ina cewa a raina, ko don wannan ma an ci riba.

Da safe muka yi sallah, muka karya da gurasa da waken ful, Hajja ta dafa mana gahawa mai citta a 'yar tukunyarta ta ƙasa. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu a kanmu, sai can nesa ta gabas, wajen duwatsun Ɗa'if, aka ga wani duhu-duhu wanda ba wanda ya kula da shi. Hantsi ya yi, Hajiya ta ɗora shinkafar rana. Muna cikin haka sai muka ji sallama, da Hausa tsantsa.

Wani dattijo ne tsaye a bakin darduma. Ba mu ji mota ba, ba mu ga tahowarsa ba, amma a lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don mutanenmu da yawa suna kiwon raƙuma da awaki wa Larabawa a irin waɗannan wurare. Dogo ne siriri, da farar riga da ta sha wanki, da sanda, fuskarsa a sake kamar wanda ya zo gidan ɗan'uwa. Muka yi masa maraba, ya zauna, ya gaida Hajja da ladabi, ya sha gahawa, ya ci dabino, ya yaba cittar. Ni kuwa kun san halina, kunnena na kan bakinsa. Ina iya gane Basakkwace daga sallamarsa, in gane mutumin Damagaram, in gane Hausar Kumasi da ta Sudan, amma ta wannan bawan Allah na kasa ajiye ta a ko'ina. Tsabtatacciya ce, ba Larabci ba Turanci a ciki, irin wadda rabona da jin ta tun a bakin kakata. Na tambaye shi daga ina, ya nuna da sanda ya ce, “Nan gaba kaɗan.”

Bai daɗe ba ya miƙe ya ce zai wuce. Abu Yasir daga kishingiɗe ya ɗaga hannu ya ce, “Fi amanillah, ya ammi.”

Hajja ta harare shi. “Kai ɗan Jidda, haka ake sallamar baƙo a gidanku, daga kwance? Tashi ka taka masa, marar ta-ido.”

Nan ne al'adu suka bambanta, kuma na lura da wannan a yawona. Bature a ƙofar ɗaki yake sallamarka ya mayar da ƙyaure. Balaraben birni ya kai ka ƙofar gida. Mu kuwa sai mun taka wa baƙo, kuma ƙa'idar ita ce mai rakiya ba ya juyawa da kansa, sai baƙo ya tsaya ya ce, “To, ku koma haka nan, na gode.” Kowane baƙo ya san wannan, yawanci ma ba a yin nisa yake faɗa. Muka tashi ni da Abu Yasir. Mun ɗan taka kenan sai dattijon ya waiga, yana murmushi, ya ce, “Hajja ba za ta taka mini ba?”

Na ji wani iri. Na fara ba shi haƙuri ina cewa ƙafafunta ba lafiya, kujerarta kuma ba ta tafiya a rairayi, sai na ji muryarta daga baya.

“Alhaji, ni aka roƙa, kai ne mai ba da uzuri? Ya Fu'ad, yalla, tada motar nan. Yau zan yi rakiya irin ta gwamna.”

Hajiya ta ce shinkafa fa tana kan wuta. Hajja ta ce shinkafa ba ta da ƙafa, za ta jira, ki zo ki riƙe ni kada in gangaro. Haka muka ɗauke ta muka sa a mota, muka bar kujerar da tanti da komai a buɗe, don a zatonmu zuwa bakin itatuwa ne mu dawo. Muka yi wa baƙo tayin shiga, ya ce shi ƙafa ya saba. Sai ya kama hannuna yadda manya suke yi in ana rakiya, muka shige gaba, mota na binmu a hankali, tsohuwa ta leƙo da kai ta taga tana ɗaga wa itatuwa hannu, mu duka muna dariya.

Muka wuce itatuwan, bai ce mu koma ba. Muka kai ƙarshen rairayi, bai ce ba. Na rage tafiya, na yi gyaran murya, na ce, “To Malam, Allah Ya kiyaye hanya,” wanda kowane Bahaushe ya san ma'anarsa. Sai ya ce amin, ya ƙara riƙe hannuna, ya tambaye ni ƙasar da na fi jin daɗin ruwanta a duk yawona. Ni kuwa an taɓo mini inda nake so, na shiga ba shi labarin wata rijiya a Air, can bayan Agadas, yana dariya yana ƙara tambaya, muna hawa tudu. Abu Yasir ya danna ham, ya leƙo ya ce, “Ya Alhaji, ila mata, sai yaushe? Har Madina za mu kai shi?” Hajiya kuma tana cewa a ƙarƙashin murya shinkafarta ta kama. Wallahi sau biyu na buɗe baki zan ce mu za mu juya, kunya ta rufe mini shi. Yaya zan zare hannuna daga na dattijon da ya girme ni, a gaban tsohuwar da ta gama yi wa wani faɗan rashin ta-ido? Na daure, muka ci gaba.

Sai da muka hau can ƙololuwa, inda ƙasa ta baje ta zama fili na baƙin dutse iya ganinka, sannan ya tsaya ya sake ni. Ya leƙa mota ya yi wa Hajja godiya, ya ce, “Rakiya ta isa haka. Amma ku ɗan huta tukuna kafin ku sauka.”

Kafin in amsa sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rana na dukanmu. Sannan wani ruri ya taso daga gabas, kamar manyan motoci sun yi jerin gwano a kan gada. Muka juya gaba ɗaya muka dubi kwarin. Innalillahi! Ruwa ne, ja wur da laka, ya cika wadin daga wannan gefe zuwa wancan, gabansa ya tashi kamar katanga, yana tura itatuwa da duwatsu. Ashe ruwan sama aka yi can kan duwatsu, shi ne ya gangaro. Muna kallo ya iso sansaninmu. Tantin ya naɗe kamar hankici, hayaƙin murhu ya yi fuf sau ɗaya, na hango kujerar Hajja ta juya tayoyinta sama tana lilo, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai kan itatuwan samur.

Na zauna a kan dutse daɓas. Ba kaina na tuna ba, fuskar Ɗahir na gani a ƙofa yana jira. Da muna ƙasa, mu uku wataƙila mu ruga, amma wa zai ruga da tsohuwa a cikin rairayi? Abu Yasir ya dafe kai yana ta salati da Larabci, Hajiya ta rungume Hajja tana kuka. Tsohuwar ta yi hamdala ta yi hamdala, sannan ta bubbuga bayan Hajiya ta ce, “Yi shiru 'yata, kina ta tsoron shinkafa za ta kama, ga shi an ƙara mata ruwa.” Wallahi sai muka fashe da dariya, irin dariyar da ke haɗe da hawaye, har cikina ya yi ciwo.

A nan ne na tuna da baƙo, na juya in kama ƙafarsa in yi godiya. Ba kowa. Ku fahimce ni, wurin nan fili ne fetal, ba itace, ba rami, ba dutsen da zai ɓoye akuya, in mutum ya yi tafiyar rabin wuni ma za ka hango farar rigarsa. Abu Yasir ya hau kan mota ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ya yi kira har muryarsa ta dushe. Ya sauko, ya shiga mota ya kulle ƙofa, da rana tsaka.

Muna nan zaune sai ga wani Badawi, Balaraben daji, a farar akori-kura yana bin raƙumansa. Ya tsaya muka gaisa, ya dubi ruwa, ya dube mu, ya ce Allah Ya so ku, ba a kwana a cikin wadi ko da sama ta fi madubi haske. Sannan ya tambayi Abu Yasir ta ina ya hau da mota. Muka nuna masa. Ya girgiza kai ya ce ta nan akuya ma sai ta yi tunani. Muka je bakin gangaren muka leƙa, sai ga manyan duwatsu jibga-jibga, wasu sun kai ɗaki, ba wata hanya a tsakaninsu. Abu Yasir ya rantse da Allah shi a kan hanya sumul ya tuƙo, ko girgiza motar ba ta yi ba, matan kuma suka shaida. Na ce wa Badawin wani dattijo ne ya biyo da mu, ko ya san shi, dogo mai farar riga da sanda? Ya dube ni, sannan ya ɗauko madubin hangen nesa daga gaban mota ya nuna mini. Ya ce tun muna ƙasa yake kallonmu da wannan, don ya yi mamakin motar. Abin da ya gani shi ne mutum ɗaya a gaban mota, ya miƙa hannunsa gefe, yana tafe yana surutu yana dariya shi kaɗai. Ya ce, “Kai ne, ya hajj. Na ɗauka rana ce ta taɓa ka.”

Mu huɗu kuwa muka ga mutumin nan, a gabanmu ya sha gahawa.

Badawin ya ja mu ta wata doguwar hanya ta bayan tudu har kwalta. Da waya ta fara kamawa sai ta hau ruri ba tsayawa, duk Ɗahir ne. Ashe labarin ambaliya ya iso gari, ya ajiye tanka a gefen titi ya dawo gida a guje. Muka same shi a ƙofar bene ba takalmi. Bai ko dube ni ba, ya buɗe mota ya sungumi uwarsa kamar jaririya, yana taɓa fuskarta yana cewa, “Yumma, yumma,” yana kuka. Na tsaya a gefe na ce, “Ɗahir, ga amanarka. Kujera ce kawai ban dawo da ita ba.” A lokacin ne na ji an sauke mini tulun nan.

Hajja ta ce, “Kukan me kake yi kamar an yi mutuwa? Ka nemo mini wata kujera, wannan dama tana ƙara. Kuma sati mai zuwa da kai za a je, ka ga taurari, ka huta da kallon bayan motoci.”

Kuma an je da shi, ba sau ɗaya ba, sai dai a kan tudu muke kafa tanti. Na ba malamai labarin nan a Jidda da Makka da gida. Wani ya ce aljani ne Musulmi, wani ya ce bawan Allah ne daga cikin waɗanda ake ɓoyewa, wani ya ce in yi shiru in gode. Na tambayi Hajja ko ta san shi, ta ce ita baƙo ta gani, ta yi masa abin da ake yi wa baƙo. Ni dai ban sani ba, kuma ba zan ce muku na sani ba.

Shawarata gare ku, in Allah Ya kai ku kashta, ku je, akwai daɗi, kuma ba a biya. Amma komai kyan rairayi da inuwa, kada ku kwana a cikin kwari, ku hau sama ku sha iska. Ku faɗa wa wani inda za ku. In baƙo ya yi muku sallama a daji, ku ba shi abin da kuke sha, in ya tashi ku taka masa, kada ku juya sai ya sallame ku. Ni har yau, ko a cikin gari ne, in na raka mutum muka wuce kwana bai ce in koma ba, sai in ji tsigar jikina ta tashi, in waiga in dubi gidana.